Wasan Folo a Birnin Katsina: Tarihin Ƙa'idojinsa da Lissafin Cinsa

1.0 Gabatarwa

Wanda duk ya saba zuwa kallon folo, wato ƙwallon dawaki, ya san cewa wani lokaci akan tashi wasa allon lissafi yana nuna ƙungiya ɗaya da ci 5, ɗayar kuwa da ci 5½. Mutumin da ƙwallon ƙafa kaɗai ya sani lalle zai yi tambaya, shin ta yaya ƙwallo ke rabin shiga gida? Amsar wannan tambaya tana da tsawo, domin kuwa ta ratsa ta Indiya da Ingila da Amurka kafin ta iso filin da ake kira da sunan Sarki Usman Nagogo a birnin Katsina.

Galibin abin da ake faɗa game da folo a Katsina labarin sarakuna ne da kofuna da fitattun dawaki. Manufar wannan maƙala ita ce a dubi wani ɓangare na tarihin da ba a cika kula da shi ba, wato ƙa'idojin wasan da yadda ake lissafa cinsa, musamman a irin al'amuran nan da ba safai suke faruwa ba, waɗanda sukan raba kan 'yan kallo har su kai ga jayayya. A irin waɗannan wurare ne ake gane ko jama'a sun karɓi wasa da dokarsa, ko kuwa kwaikwayonsa kawai suke yi. Abin da ya faru a Katsina tun daga shekarun 1920 ya nuna cewa dokar ta sami karɓuwa, kuma akwai dalilai na tarihi da suka sa hakan ya zo da sauƙi.

2.0 Doki da Wasa Kafin Zuwan Turawa

Ƙasar Katsina ƙasar doki ce tun fil azal. Tana nesa da dazuzzukan kudu inda tsando ke sa wa dabbobi sammore, kuma tana kan hanyar fatake masu kawo dawaki daga Azbin da Barno. Ƙarfin sarauta a da yana tafiya ne da yawan barade da 'yan lifida, shi ya sa fada ta keɓe sarauta musamman domin kula da bargar Sarki, wato Shamaki. Harshen Hausa kansa shaida ne, don ga kalmomin kayan doki irin su sirdi da linzami da likkafa da ragama da ƙaimi, ga kuma sunayen launinsa irin su akawal da kili da danda da bidi. Wasannin doki kuwa, akwai kilisa da sukuwa da jafi na ranar hawan salla.

Sauran wasannin gargajiya suna da ƙa'idojinsu, ko da yake a ka ake riƙe su. A dambe, da zarar hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa. A dara, jeri uku shi ne ci, jeri huɗu ba ya ci, haka kuma ba a cin kowa a lokacin da ake dasa 'ya'ya. A langa, wanda ya saki ƙafarsa ya faɗi. Idan abu ya rikice, dattawan wasa ne ke yanke hukunci nan take, kuma hukuncin yakan bambanta daga gari zuwa gari.

A ɗaya gefen kuma akwai al'adar rubutacciyar doka a zaurukan malamai. Katsina gari ne na Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, waɗanda suka rayu a ƙarni na 17, kuma littattafan Malikiyya da ake karantawa a unguwanninta, irin su Risala da Muhtasar, sun yi magana a kan tsere da dawaki da raƙuma da harbin kibau. Muhtasar ya shardanta a fayyace inda za a tashi da inda za a tsaya kafin a sa lada a kan tsere. Bugu da ƙari, ɗalibin fiƙihu ya saba da mas'alolin da ake ƙaddara faruwarsu, a nemi hukuncinsu tun ba su auku ba. Ilmin rabon gado kuwa ya riga ya cusa wa Hausa kalmomin rubu'i da sulusi da sudusi da sumuni. Wani ɗan ƙasar, Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a fannin hisabi. Saboda haka lokacin da wasa ya zo da littafin doka da lissafi mai ɓalli-ɓalli, bai sauka a ƙasar da ba ta san irin wannan tunani ba.

3.0 Asalin Folo da Rubuta Dokokinsa

Folo tsohon wasa ne na sarakunan Farisa da ƙasashen Asiya ta Tsakiya. Kalmar kanta ta fito ne daga harshen mutanen Baltistan, inda take nufin ƙwallo. Turawan Ingila sun tarar ana yinsa a Manifur, a arewa maso gabashin Indiya, suka kafa kulob a Silcar a 1859, sa'an nan na Kalkata a 1862. Sojan doki suka kai shi Ingila a 1869, aka soma buga shi a kulob ɗin Hurlingham da ke Landan a 1874, shekara guda bayan haka aka fitar da rubutattun ƙa'idoji. Har yanzu dokokin Hurlingham su ne tushen waɗanda ake bi a Nijeriya.

Ƙa'idojin ba su zauna wuri ɗaya ba. Abubuwa uku suka sauya kamannin wasan kafin ya iso Katsina. Na farko shi ne tsarin ba kowane ɗan wasa lamba gwargwadon gwanintarsa, wanda wani Ba'amurke mai suna H. L. Herbert ya ƙago a 1888, Ingila da Indiya kuma suka karɓa a 1910. Na biyu shi ne soke dokar satar gida. Ingilawa sun daɗe suna riƙe da ita, amma bayan Amurkawa, waɗanda ba sa wasa da ita a gida, sun zo har Hurlingham sun lallasa su a 1909 da ci 9 da 5, da kuma 8 da 2, sai suka yi watsi da ita. Na uku shi ne soke iyakar tsayin doki a 1919. Wato ke nan folon da Katsinawa suka koya shi ne sabon folo mai sauri, wanda ake dogon bugu a bi da sukuwa.

Akwai wani tsari na Amurka da bai iso nan ba, amma ya cancanci ambato don ya nuna yadda aka yi ta lalube a kan hukuncin laifi. A wancan tsari, idan ɗan wasa ya yi laifi sai a zabge wa ƙungiyarsa rabin ci, idan kuwa ya tura ƙwallo bayan layin gidansu don tsira sai a zabge rubu'i. Shi ya sa a gasar Kofin Westchester ta 1913 Amurka ta ci Ingila 5½ da 3 a wasan farko, da 4½ da 4¼ a na biyu, wato rubu'in ci ne ya raba gardama tsakanin manyan ƙasashe biyu. A 1914 Ingila ta rama da 8½ da 3, da kuma 4 da 2¾. Daga baya aka bar wannan hanya aka koma ga ba wanda aka yi wa laifi damar bugu, domin an ga cewa ya fi dacewa a yanke hukunci a fili da sanda maimakon a kan takarda da alƙalami.

4.0 Shigowar Folo Katsina

A Nijeriya hafsoshin Turawa ne suka fara wasan. An kafa kulob na Ikko a 1904, na Kaduna kuma a 1918, jim kaɗan bayan an mai da hedkwatar Arewa can daga Zungeru, kuma tun 1919 ake gasar Kofin Georgian a Kaduna. A farkon al'amari wasan bariki ne, abin da ɗan ƙasa ke yi a ciki bai wuce riƙe doki da share shi ba.

Wanda ya sauya wannan hali shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 daga sarautar Durɓi, ya kuma yi mulki har 1944. Dikko mutum ne mai son doki, mai kuma son ganin abin da ke bayan gari. A 1921 ya tafi aikin Hajji ya biya ta Ingila, abin da wani sarki mai ci a Arewa bai taɓa yi ba kafinsa. A cikin shekarun 1920 ya sa aka yi filin folo a Katsina, ya sa 'ya'yansa da yaran fada suka koyi wasan. Zamanin ya dace da buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda malamai Turawa suka koya wa ɗalibai kurket da wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe har girmansa. Ta haka birnin ya zama wurin da wasanni masu rubutacciyar doka suka fara kama ƙasa a Arewa.

Daga cikin 'ya'yan Dikko babu wanda ya kai Usman Nagogo, wanda aka haifa a 1905. Ya riƙe shugabancin 'yan doka, ya zama Magajin Gari, sa'an nan ya gaji mahaifinsa a 1944 ya yi sarauta har 1981. A folo ya kai lamba 7, matsayin da ake ambata a matsayin mafi girma da wani ɗan Nijeriya ya taɓa kaiwa, kuma ƙungiyar Katsina ta zamaninsa ta ɗauki Kofin Georgian ba sau ɗaya ba. 'Ya'yansa suka biyo sahu, musamman Muhammadu Kabir Usman, wanda ya yi sarauta daga 1981 zuwa 2008, da Janar Hassan Usman Katsina, Gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, wanda ya rasu a 1995. Babban kofin da ake nema a gasar Katsina shi ne Kofin Nijeriya.

Harshe ma ya yi nasa aikin. Da yake Hausa ba ta da /p/ a matsayin baƙi mai zaman kansa, sunan wasan ya koma folo, a bakin wasu kuma holo, bisa hanyar nan da ta ba da hoto da hoda. Kalmar ƙwallo kuwa tsohuwa ce, asalinta ƙwallon ɗan itace ne kamar na goriba, ma'anarta ta faɗaɗa ta rufe abin da ake bugawa da wasan kansa, har ma da cin da aka yi.

5.0 Tsarin Wasa da Masu Hukunci

Ana buga folo mutum huɗu-huɗu, a fili mai tsawon yadi 300 da faɗin yadi 160 idan an kafa katako a gefe, ko 200 idan ba a kafa ba. Gida turaku biyu ne, tsakaninsu yadi 8, ba raga ba sandar sama, kuma da abu marar nauyi ake yin su don su faɗi idan doki ya banke su. An kasa wasa zango-zango, kowane zango minti 7, ana kiransa cukka, kalmar Indiya mai nufin kewaye. Idan minti 7 ya cika sai a kaɗa ƙararrawa, a ci gaba har ƙwallo ya fita ko a cika daƙiƙa 30, sai dai a zangon ƙarshe da ake tashi da ƙararrawar farko idan ba kunnen doki ake ba. Dole a riƙe sanda da hannun dama, ko da mutum bahago ne.

Masu hukunci kashi-kashi ne. Akwai alƙalai biyu a kan dawaki cikin fili, da na uku a zaune a gefe wanda ba ya magana sai biyun sun saɓa. A bayan kowane gida akwai mai tuta, wanda ke ɗaga ta sama ya kaɗa idan an ci. Sa'an nan ga mai duba agogo da marubucin ci, wanda takardarsa ita ce hujja idan an tashi.

Uwar dokokin folo ita ce dokar hanya. Duk lokacin da aka bugi ƙwallo, layin da ya bi ya zama kamar hanyar da aka shata, kuma wanda ke bin wannan layi da ƙwallo a damansa shi ke da haƙƙin wucewa. Ba a gitta masa a tazarar da za ta jawo karo. Abin da aka yarda shi ne a zo kafaɗa da kafaɗa a ture shi daga layin, ko a maƙale masa sanda yayin da zai yi bugu, muddin mai maƙalewar yana ɓangaren da ƙwallo yake ko a bayansa sak. A nan akwai abin lura game da al'ada. A ranar hawan salla muƙami ne ke tsara wanda zai gabata da wanda zai biyo, kuma babu mai gangancin shan gaban na sama da shi. A filin folo kuwa hanya ta wanda ya hau layi ce, ko ɗan wane ne shi, kuma doka ta ba bara damar ture ɗan ubangidansa kafaɗa da kafaɗa. Gidan sarautar da ya yarda 'ya'yansa su shiga ƙarƙashin usur ɗin alƙali bisa wannan sharaɗi ya yarda da wani abu sabo. Amma fa kada a kai maganar inda ba ta kai ba, domin wasa ne mai cin dukiya, tun da ɗan wasa yana bukatar aƙalla dawaki biyu ko da wasan zango huɗu ne, don haka ƙofar da talaka ya fi shiga ta ita ita ce ta barga.

6.0 Inda Rabin Ci Yake Fitowa

Kowane ɗan wasa yana da lamba daga 2 ƙasa da sifiri har zuwa 10. Kwamiti ne ke ba da ita bayan ya kalli wasan mutum, yana duba hawansa da bugunsa da sanin dabara da ingancin dawakinsa. Lambar ba ta nufin yawan ƙwallayen da zai ci, ƙimarsa ce ga ƙungiya. Idan za a yi gasa bisa wannan ma'auni, sai a tara lambobin mutum huɗu na kowane ɓangare, a ɗebe ƙarami daga babba, a ninka abin da ya saura da yawan zangon da za a buga, a raba da 6, domin an gina lissafin ne a kan wasa mai zango 6. Abin da ya fito shi ne cin da za a ba ƙungiya mai rauni tun kafin a jefa ƙwallo. A dokar Hurlingham, duk wani ɓalli da ya ragu, ƙarami ne ko babba, ana ɗaukarsa rabin ci.

Alal misali, a ƙaddara ƙungiya tana da mai lamba 7 da mai 3 da masu 2 guda biyu, jimla 14, abokan karawarta kuma suna da 10, kuma zango 4 za a yi. Bambanci 4 ne, a ninka da 4 ya ba da 16, a raba da 6 ya ba da 2 da sulusi biyu. Sai a rubuta wa masu rauni 2½. Idan masu ƙarfi suka ci 5 a fili, masu rauni suka ci 3, to, allo zai nuna 5 da 5½, kuma waɗanda suka fi zuba ƙwallo su ne suka sha kaye. Da bambancin 3 ne, da lissafin ya fita daidai 2 ba saura, da kuwa 1 ne, da rabin ci kawai za a bayar.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, duk wasan da aka fara da rabi ba ya ƙarewa kunnen doki. Na biyu, babbar lamba kaya ce a wuyan mai ita, domin duk ƙungiyar da ta ɗauki ɗan wasa irin Nagogo ta ɗauki bashin da sai ya biya a fili. Hikimar tsarin ita ce ƙaramin kulob ya iya karawa da babba ba tare da an san sakamako tun daga gida ba. Illarsa kuwa ita ce yakan sa wasu su so a bar su a ƙaramar lamba alhali sun wuce ta, shi ya sa ake sake duba lambobin lokaci-lokaci.

7.0 Mas'alolin da Ba Safai Suke Aukuwa Ba

Ci yana tabbata idan ƙwallo ya ƙetare layi tsakanin turakun nan biyu, komai nisansa a sama, domin ana ƙaddara cewa turakun sun miƙe ba iyaka. Amma idan ya bi ta kan turke sak, ba ci ba ne, tun da bai bi ta tsakani ba. Ba a tambayar wanda ya tura shi. Idan doki ya shure shi da kofato ya shiga, an ci, haka nan idan mai tsaron gida ne ya yi kuskure. Idan alƙalai da mai tuta duk sun kasa tabbatar da ko ya shiga, sai a bar shakkar ta amfani masu gida, wanda ya yi daidai da ƙa'idar da kowane alƙalin Katsina ya sani, cewa mai da'awa shi ke kawo shaida.

Idan usur ya zo daidai da shigar ƙwallo, sai a dubi mai laifi. In masu tsaro ne, ci ya zauna, in kuwa masu kai hari ne, an soke shi. Ƙwallon da ke cikin tafiya lokacin da ƙararrawar ƙarshe ta kaɗa ya mutu a inda yake, ko da taku ɗaya ya rage masa. Sai dai idan an yi laifi a ƙarshen lokaci, akan ba da daƙiƙa 5 don a yi bugun hukunci, saboda kada mai wayo ya fake da agogo.

Bugun hukunci hawa-hawa ne: daga yadi 30, ko 40, ko 60, ko daga inda aka yi laifin, ko daga tsakiyar fili. Mafi tsanani shi ne a rubuta ci ba tare da ƙwallo ya shiga ba, idan mai tsaro ya yi laifi mai haɗari ko na ganganci a bakin gida don ya hana ci. Idan kuma ya tura ƙwallo bayan layinsu da sandarsa, wato abin da Amurkawa ke zabge wa rubu'i a da, sai a ba abokan karawa bugu daga yadi 60 daura da inda ya fita.

Akwai kuma mas'alolin doki da kayansa. Idan doki ya faɗi ko ya yi ɗingishi, nan take ake tsai da wasa. Idan mahayi ne ya faɗo bai ji ciwo ba, kuma ba ya cikin haɗari, wasa na iya ci gaba, amma ba shi da ikon taɓa ƙwallo sai ya koma kan sirdi. Wanda sandarsa ta karye sai ya yi sukuwa ya sauyo wata, ba mai jiransa. Tsinkewar linzami tana tsai da wasa domin haɗari ce ga kowa, tsinkewar igiyar likkafa kuwa matsalar mai ita ce. Idan ƙwallo ya maƙale a jikin mutum ko a kayan doki har ya ƙi faɗowa, ba a yarda a kai shi gida a haka ba, alƙali zai busa ya sake jefawa. Haka ake yi idan kofato ya danne shi cikin ƙasa.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne sauya gida bayan kowane ci, wanda aka yi don kada iska ko rana ko gangaren fili su zauna a bayan ɓangare ɗaya. Tsohuwar dokar Hurlingham har ta tanadi hukuncin ranar da alƙalai da kansu suka manta suka jera 'yan wasa a juye. Ta ce alhakin nasu ne, ba a warware abin da ya wuce, wasa ya ci gaba, idan zango ya ƙare ba a ci ba sai a sauya.

Amfanin irin wannan tanadi yana fitowa sarai idan aka dubi abin da ya faru a wasan besbol na Amurka ranar 23 ga Satumba, 1908, a wani fili na birnin New York da ake kira Polo Grounds, sunan da ya gada daga tsohon filin folo. Ƙungiyar Giants da ta Cubs suna 1 da 1 a zagayen ƙarshe, sai aka yi bugun da ya kawo ɗan wasan Giants gida. Abokinsa Fred Merkle, saurayi ɗan shekara 19, ya ga an ci, sai ya juya ya nufi ɗakin sauya tufafi bai taka tasha ta biyu ba, kamar yadda 'yan wasa suka saba yi. Amma rubutacciyar doka ta wajabta takawar. 'Yan Cubs suka kai ƙwallo tashar, alƙali Hank O'Day ya fitar da Merkle, cin ya rushe. Aka sake wasan ranar 8 ga Oktoba, Cubs suka ci 4 da 2 suka ɗauke kambin shekara. Ranar da al'ada da rubutu suka yi karo, rubutu aka bi, kuma tun daga nan ba a sake raina wannan doka ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa folo ya iso Katsina ne bayan dokokinsa sun nuna, ya tarar da mutanen da suka gaji doki daga fada, suka kuma gaji tattauna mas'ala da lissafin ɓalli daga zaure. Sarki Dikko ya buɗe ƙofa, Nagogo ya nuna cewa ɗan ƙasa zai iya kaiwa ƙololuwa bisa ma'aunin da baƙi suka zo da shi, zuriyarsu kuma ta riƙe wasan har ya wuce zamanin waɗanda suka kawo shi. Daga baya an soma shigo da dawakin Ajantina da ƙwararrun 'yan wasanta don manyan kofuna, ƙwallon saiwar itace ya koma na roba, amma dokar hanya da rabin ci suna nan.

Aiki biyu ke jiran masu nazarin harshe da tarihi. Na farko shi ne tattara takardun lissafin wasanni da jerin lambobin 'yan wasa da sunayen da aka zana a gindin kofuna, a Katsina da Kaduna da Kano da Zariya, domin a cikinsu ne za a ga waɗanda suka hau tare da 'ya'yan sarki, da shekarar da yaran barga suka fara samun lamba. Na biyu shi ne a zauna da tsofaffin mahaya da masu kula da dawaki a naɗi kalmomin da suke amfani da su wajen turewa da maƙale sanda da bugun baya da sauran dabaru, sa'an nan a rubuta ƙa'idojin wasan da Hausa bisa waɗannan kalmomi. Sassan Hausa na jami'o'i da hukumar kula da tarihi da al'adu ta Jihar Katsina su ne suka fi cancanta da wannan aiki, kuma ya kamata a fara da dattawan da suka ga wasan Nagogo da idonsu tun suna da rai.